Shirin Jarrabawar Kemistiri ta Kammala Sakandare

Kemistiri, wato kimiyyar da ke nazarin sinadarai da yadda suke haɗuwa su rikiɗe su zama wani abu dabam, yana cikin darussan da ɗalibin ajin kimiyya ba shi da hanyar kauce musu a ƙarshen babbar sakandare. Mai son karanta likitanci, ko haɗa magunguna, ko aikin jinya, ko injiniyanci, ko kimiyyar noma, dole ne ya fito da kiredit a wannan darasi, tare da Turanci da lissafi da sauran darussan kimiyya. A ma'aunin sakamako kiredit yana farawa daga C6 ya hau zuwa A1. D7 da E8 tsallakewa ce kawai, ba sa buɗe ƙofar waɗannan fannoni, F9 kuwa faɗuwa ce.

A Najeriya hukumomi biyu ne suka fi ɗaukar nauyin wannan jarrabawa. Akwai WAEC, wadda aka kafa a 1952, take shirya jarrabawa ga Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Akwai kuma NECO, ta Najeriya kaɗai, wadda aka kafa a 1999, hedikwatarta tana Minna. 'Yan makaranta kan zauna ta WAEC tun daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, ta NECO ta biyo baya damina na tsaka. Manhajojin biyu sun yi kama ƙwarai, don haka shiri ɗaya yana wadatar da su duka, har ya taimaka a jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, inda kemistiri ke da tambayoyi 40.

Tsarin takardun

Jarrabawar kemistiri ta WAEC takardu uku ce. Ta farko tambayoyin zaɓi ne guda 50, a yi su cikin awa ɗaya, maki 50. Ta biyu ita ce ta rubutu, wadda ɗalibai ke kira tiyori, awa biyu, maki 100. Sashenta na farko gajerun tambayoyi ne da dole a amsa su duka, suna ɗauke da maki 25. A sashe na biyu ana ba da tambayoyi huɗu a zaɓi uku, kowace maki 25, kuma wasu daga cikinsu sun keɓanta da ƙasar ɗalibi, shi ya sa ɗan Kumasi da ɗan Katsina ba lallai su amsa tambayoyi iri ɗaya a nan ba. Takarda ta uku ita ce firaktikal, aikin hannu a ɗakin gwaje-gwaje, awa biyu, maki 50. Masu zaman jarrabawa daga waje, ba ta hannun makaranta ba, ana ba su takardar da ke gwada sanin aikin a rubuce, ta awa ɗaya da rabi.

Wannan rabon maki yana da abin lura a cikinsa. Rabin makin gaba ɗaya yana takardar rubutu, kashi ɗaya cikin huɗu kuma yana firaktikal. Ɗalibin da ya ƙare shirinsa wajen haddace amsoshin tambayoyin zaɓi ya yi wa kashi ɗaya cikin huɗu hidima, ya bar sauran ukun a hannun sa'a.

Mol, inda yawanci ake zamewa

Da yawa daga cikin ɗalibai sun taso da ƙarfin hadda, kuma hadda tana da ranarta a kemistiri. Sinadarai ashirin na farko a jadawali, daga haidirojin zuwa kalsiyam, da alamominsu da lambobinsu, sai an haddace. Haka launukan gwaje-gwaje da ma'anonin ƙa'idoji. Amma ƙashin bayan darasin lissafi ne, kuma lissafin kusan duk a kan abu ɗaya ya dogara, wato mol.

Mol ma'auni ne na ƙidaya, kamar yadda ɗan kasuwa ke cewa dozin yana nufin sha biyu, sai dai shi adadinsa ya wuce misali: ƙwayoyi 6.02 × 10²³. Tun da ba mai iya ƙirga ƙwayoyin zarra da ido, sai aka haɗa ƙidayar da nauyi. Mol ɗaya na kabon giram 12 ne, na ruwa giram 18, na gishirin girki giram 58.5. Mol ɗaya na kowace irin iskar gas kuma, a daidaitaccen zafi da matsi, yana cika dm³ 22.4.

Ga yadda abin ke aiki. Dutsen farar ƙasa, CaCO₃, shi ne ake ƙonawa a masana'antun siminti irin na Ashaka a jihar Gombe da Kalambaina a Sakkwato da Obajana a Kogi. Idan ya sha wuta yakan rabu gida biyu: CaCO₃ → CaO + CO₂. Nauyin mol ɗaya nasa giram 100 ne. Idan aka ce an ƙona giram 10, to an ƙona mol 0.1 ke nan. Jimlar ta nuna mol ɗaya na dutsen yana ba da mol ɗaya na kowane ɗayan biyun, saboda haka za a samu giram 5.6 na CaO da giram 4.4 na CO₂, kuma iskar za ta cika dm³ 2.24. A haɗa 5.6 da 4.4, goman nan ce ta dawo cif, ba abin da ya ɓata. Wanda ya gane wannan taki uku, daga nauyi zuwa mol, daga mol zuwa mol ta hanyar jimla, daga mol a koma nauyi ko girma, ya riƙe mabuɗin tambayoyin da ke fitowa a dokokin gas, da narkewar gishiri, da raba sinadari da lantarki, da taitireshan. Wanda bai gane ba, kowane babi sabon dutse ne a gabansa, alhali dutsen ɗaya ne yake ta karo da shi.

Shi ya sa ya fi dacewa shiri ya fara daga littafin aji ɗaya na babbar sakandare, ko da ɗalibi yana jin ya wuce nan. Rubuta fomula daidai da daidaita jimlar sinadarai a can aka koyar da su, kuma jimlar da ba ta daidaita ba tana rusa duk lissafin da aka ɗora a kanta. Ƙananan kurakurai ma suna cin maki fiye da yadda ake zato. A dokokin gas dole a mai da ma'aunin zafi zuwa Kelbin ta ƙara 273, wato digiri 27 ya zama 300. Dole a mai da cm³ zuwa dm³ ta rabawa da 1000. A lissafin lantarki minti sai ya koma daƙiƙa kafin a raba da 96,500. Amsar da aka bari tsirara, lamba ba ma'auni a gefenta, ba ta samun cikakken makinta.

Sauran babi-babin

Jadawalin sinadarai, wanda Dmitri Mendeleev na Rasha ya tsara a 1869, yanzu yana ɗauke da sinadarai 118, amma jarrabawar ba ta neman ɗalibi ya san su duka. Abin da take nema shi ne dalilin jerin: me ya sa sodiyam da fotasiyam ke da hali ɗaya, me ya sa girman ƙwaya ke raguwa idan aka bi layi daga hagu zuwa dama, ya ƙaru idan aka gangara ƙasa. Ɗalibin da ya iya rubuta yadda elektiron ke jeruwa a ƙwaya zai iya ciro yawancin wannan da kansa.

Kemistirin oganik, wato na sinadaran da aka gina kan kabon, shi ne wanda ake yawan bari sai ƙarshe, wani lokaci ma zangon karatu ya ƙare ba a kai gare shi ba. Wannan asara ce babba, domin ba ya rasa fitowa, kuma yana cikin babi-babin da suka fi tsari. Iyalai ne, kowane da fomularsa ta gaba ɗaya da alamar da ake gane shi da ita. Alkane masu ɗauri ɗaya suna bin CₙH₂ₙ₊₂, sunayensu kuma suna tafiya da yawan kabon. Daga nan sai masu ɗauri biyu da uku, sai alkanol, sai asid na oganik, sai esta masu ƙamshi. A nan ne ake bayanin tace ɗanyen mai irin aikin da aka gina matatar Kaduna dominsa, da yadda ake dafa mai da alkali a fitar da sabulu. Zana tsarin ƙwayar da hannu, sau da yawa, ya fi karanta shi sau goma.

Akwai kuma sunaye. Jarrabawar tana amfani da tsarin sunaye na IUPAC, inda H₂SO₄ ke zama tetraoxosulphate(VI) acid. Sunan yana da tsawo, amma lissafi ne a cikinsa: oksijin huɗu, da salfa mai lambar oksideshan shida. Wanda ya iya fitar da lambar oksideshan ba ya bukatar haddace irin waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya.

Saura su ne daidaiton da ke tsakanin sinadarai masu kai da komo da ƙa'idar Le Chatelier, da saurin haɗuwa, da zafin da ke fita ko shiga, da ruwa mai hana sabulu kumfa, da gurɓatar muhalli, da ayyukan masana'antu irin hanyar Haber ta haɗa amoniya, wadda daga gare ta takin yuriya ke samuwa. Manhajar WAEC ta jero su duka, kuma kowane ɗalibi ya kamata ya mallaki kwafinta ya riƙa yin alama a kan abin da ya gama. Littafin Osei Yaw Ababio, New School Chemistry, ya daɗe yana hannun 'yan sakandare a Najeriya, kuma yana bin manhajar sosai. Littafi ɗaya da aka bi daga bango zuwa bango, aka yi atisayen ƙarshen kowane babi, ya fi tarin littattafai biyar da ake leƙawa.

Firaktikal

Takarda ta uku tambayoyi uku ce: ɗaya ta auna yawa, ɗaya ta gano abin da ke cikin samfuri, ɗaya kuma gajerun tambayoyi kan sanin aikin ɗakin gwaji. Nan ne maki suka fi arha ga wanda ya saba, suka fi tsada ga wanda ranar ce farkon riƙonsa da kayan aiki.

Tambayar farko galibi taitireshan ce. Ana zuƙo cm³ 25 ko 20 na ruwan alkali da fifet, a zuba a filas mai faffaɗan gindi, a ɗiga masa ɗigo biyu ko uku na indiketa. Asid kuma yana cikin biyuret, dogon bututun gilashi mai awo da famfo a ƙasa. Hannun hagu yana kan famfo, na dama yana juya filas, ido yana kan launi. Idan indiketar metil orenj ce, ruwan yana farawa da rawaya, kuma ana tsayawa ne a ɗigon da ya mai da shi ruwan lemo. Idan ya kai ja sosai, an zarce. Idan finolftalin ce, ruwan hoda ne ke gushewa ya bar ruwa marar launi. Farar takarda a ƙarƙashin filas tana taimaka wa ido.

Kafin a fara, ana ɗauraye biyuret da asid ɗin da za a zuba mata, fifet kuma da alkalin, amma filas da ruwa tsantsa kawai. A cire mazurari daga bakin biyuret, a tabbata babu kumfar iska a ƙasan famfo. Wajen karatu, ido ya daidaita da saman ruwan, a karanta daga ƙasan lanƙwasarsa. Ana yin gwajin farko na lalube, sannan a maimaita har a samu sakamako aƙalla biyu da tazararsu ba ta wuce cm³ 0.20 ba, su ne ake ɗaukar matsakaicinsu. Kowane karatu ana rubuta shi da lamba biyu bayan ɗigo, 23.40 ba 23.4 ba, a cikin tebur mai ma'auni a kansa, da biro, kai tsaye. Teburin da aka cika da gogewa da kankara yana jawo zargi da ragin maki.

Lissafin da ke biyo baya mol ne dai ya sake dawowa. A ce cm³ 25.0 na Na₂CO₃ mai ƙarfin 0.050 mol a dm³ ya ci cm³ 23.40 na HCl. Jimlar ita ce 2HCl + Na₂CO₃ → 2NaCl + H₂O + CO₂, wato asid biyu ga alkali ɗaya. Ƙarfin asid zai zama 0.050 sau 25.0 sau 2, a raba da 23.40, ya ba da 0.107 mol a dm³. Wanda ya manta da biyun nan zai samu rabin amsa, duk kuwa da cewa aikin hannunsa ya yi kyau.

Tambaya ta biyu ana ba da wani gari ko ruwa da ba a faɗi sunansa ba, a ce a yi masa gwaje-gwaje, a rubuta a shafi uku: abin da aka yi, abin da aka gani, da abin da hakan ke nufi. Idan aka ɗiga NaOH, firesifitet (wato garin da ke kwantawa a cikin ruwan) shuɗi yana nuna Cu²⁺, kore mai dauɗa-dauɗa Fe²⁺, ja mai ruwan ƙasa Fe³⁺. Fari kuwa yana da 'yan takara. Idan ya narke da aka ƙara NaOH da yawa, to Zn²⁺ ne ko Al³⁺ ko Pb²⁺. Idan ya ƙi narkewa, Ca²⁺ ake zato. Ruwan amoniya ne ke raba gardama a tsakanin Zn²⁺ da sauran biyun, domin na zink kaɗai ke narkewa idan aka yawaita shi. Na Cu²⁺ ma yana narkewa a amoniya mai yawa, ya ba da shuɗi mai duhu wanda duk wanda ya gani sau ɗaya ba ya mantawa. Saboda haka ne umarnin ke cewa a zuba kaɗan-kaɗan tukuna, sannan a yawaita. Mai gaggawar da ya tuttula gaba ɗaya ya tsallake abin da ake so ya gani. A ɓangaren sauran gwaje-gwajen kuwa, BaCl₂ yana ba da fari da ba ya narkewa a asid idan akwai SO₄²⁻, AgNO₃ yana ba da fari mai narkewa a amoniya idan akwai Cl⁻, aidin kuma yana mai da sitaci shuɗi-baƙi.

Masu duba takarda suna da tsanani kan yadda ake faɗin abin da aka gani. Iska ta fito bai isa ba, sai an faɗi launinta da warinta da abin da ta yi wa takardar litmas ko ruwan Ca(OH)₂. Ruwa garau dabam, ruwa marar launi dabam, domin ruwan CuSO₄ garau yake amma shuɗi ne. Kuma ba a ba da makin hukunci idan abin da aka gani bai goyi bayansa ba.

Gaskiyar da ba a ɓoyewa ita ce makarantu da yawa, musamman na karkara, ɗakin gwajinsu suna ne kawai, ba a buɗe shi sai jarrabawa ta ƙarato. Ɗalibin irin wannan makaranta ba zai iya ƙera biyuret a gida ba, amma idonsa zai iya sabawa da wasu abubuwa. Ruwan zoɓo indiketa ne: a jiƙa kanwa a ɗiga masa, jansa zai dushe ya karkata zuwa kore mai duhu, a matsa lemon tsami, ja ya dawo. Kanwa da kanta gishirin kabonet ce, shi ya sa take kumfa idan ta gamu da tsami, kuma kumfar nan CO₂ ce. A marinar Ƙofar Mata a Kano, zane yana fitowa daga rijiyar baba da launin kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi a gaban mai kallo, wanda shi ne oksideshan ɗin da littafi ke bayani. Duk wannan taimako ne ga fahimta. Bai maye gurbin riƙe fifet ba, kuma malamin da ya nemi aron ɗakin gwajin wata makaranta ko kwaleji da ke kusa, ya kai ɗalibansa ko sau uku ne kafin ranar, ya yi musu abin da darasin allo na wata guda ba zai yi ba. Asid mai ƙarfi kuma ba abin wasa ba ne: shi ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba masa ruwa.

Tsofaffin tambayoyi da rabon lokaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Manhajar shekara uku ba ta shiga kai a mako biyu, kuma kemistiri ya fi son awa ɗaya kullum da alƙalami a hannu fiye da kwana guda ana karatu har asuba. Tsofaffin tambayoyi na shekarun baya suna da amfani matuƙa, amma ga wanda ya san yadda ake cin moriyarsu: a rufe amsa, a duba agogo, a yi, sannan a buɗe a gwada. Kowace tambaya da aka faɗi tana nuna babin da za a koma. Littattafan tambayoyi da ake sayarwa a kasuwa wani lokaci suna ɗauke da amsar da ba daidai ba, don haka idan amsa ta saɓa wa littafin karatu, a kai wa malami.

WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu bayan jarrabawa, inda ake bayyana inda ɗalibai suka yi rauni a kowace tambaya da amsar da aka so su bayar, kuma ana samunsa a shafinta na intanet. Ɗalibai kaɗan ne ke karanta shi, alhali shi ne wuri ɗaya da mai ba da maki ke faɗin abin da yake nema da bakinsa.

Jarrabawar da Turanci ake yin ta, kuma wannan nauyi ne na biyu a kan ɗalibin da yake tunani da Hausa. Babu laifi abokan karatu su warware wa juna darasi da Hausa har ya zauna, hasali ma wanda ya iya bayyana mol da harshen gida ya gane shi da gaske. Amma bayan nan sai a rubuta shi da Turancin littafi, domin ma'anonin ƙa'idoji suna da kalmomin da idan babu su babu maki. Dokar Boyle da aka faɗa ba tare da sharaɗin cewa zafi bai canza ba, ragaggiya ce.

A zauren jarrabawa, takardar zaɓi tana ba da minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ga kowace tambaya, don haka mai wuya a tsallake ta a dawo. A takardar rubutu, kusan rabin awa ke kan kowace tambaya mai maki 25. Yana da kyau a karanta huɗun nan duka kafin a zaɓa, domin tambaya kan fara da sauƙi ta ƙare da abin da ɗalibi bai taɓa gani ba. A nuna kowane mataki na lissafi, saboda ana ba da maki ga fomula da sanya lambobi ko da amsar ƙarshe ta kuskure. A tafi da fensir da biro biyu da rula da kalkuletar da hukuma ta amince da ita, wadda hannu ya riga ya saba da ita.

Masu tallar amsoshi ta waya kafin jarrabawa suna bunƙasa a wannan lokaci, kuma abin da suke sayarwa sau da yawa ƙarya ne. Inda ya zama gaskiya ma, hukumomin suna riƙe sakamako ko su soke shi idan suka gano, wani lokaci na cibiya sukutum, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Wanda bai samu kiredit ba a zaman farko yana da NECO a gabansa, yana kuma da jarrabawar masu zama daga waje, kuma jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Sai dai a fannin likitanci, da yawansu suna sharɗanta a kawo kiredit ɗin duka a zama ɗaya.